Ƙasa ko Siminti: Sharhi a Kan Ginin Gida a Ƙasar Pauwa

Da zarar kaka ta kammala a ƙasar Pauwa, aka sussuke masara, aka ɗebe auduga, aka kai waken suya kasuwa, kuɗi suka ɗan zauna a hannun manomi, to abu biyu ne suke fara faɗo masa a rai, ko dai aure ko kuwa gini. Da yake kuwa shi auren ma ba ya yiwuwa sai da ɗakin da za a kai amarya, sai ka iske al'amarin duka ya komo ga gini. A wannan lokaci ne, tun daga Ƙanƙara inda Sarkin Pauwa yake zaune, har Faskari da Sabuwa da garuruwan da ke kewaye da su irin su Ketare da 'Yankara da Daudawa da Damari, ake jin gardama guda a majalisu da bakin masallatai: shin mutum ya yi ginin ƙasa irin na iyaye da kakanni, ko kuwa ya daure ya sayi bulo da siminti ko da zai shekara biyar bai kai ga rufi ba? Na daɗe ina sauraren wannan muhawara, abin da nazari ya kai ni gare shi kuwa shi ne, ɓangarorin biyu sun bar asalin mas'alar sun kama reshenta, domin abin da yake kayar da gida a wannan yanki ruwa ne, na ƙasa ne gidan ko na bulo, kuma duk wanda ya san hanyoyin da ruwa yake bi ya shiga gini ya riga ya san inda ya kamata ya zuba ɗan abin da Allah Ya hore masa.

Kudancin Katsina ba kamar arewacinta ba ne wajen ruwan sama. Nan ana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, wata shekara ma ya zarce, kuma mafi yawansa yana sauka ne a 'yan watanni kaɗan, musamman Yuli da Agusta da farkon Satumba. Idan mai karatu yana son ya gane nauyin wannan adadi, to ya ƙaddara rufin gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10: a damina guda ruwan da zai sauka a kansa ya kai lita 100,000, watau cikin durom 500. Wannan ruwa duka dole ya sami inda zai bi. In ba a yi masa hanya ba, zai yi wa kansa, ko dai ta kan katanga ya jiƙa ta daga sama, ko ya zuba a gindinta ya yi ta fantsama yana zaizayar ta, ko kuwa ya kwanta a tsakar gida ya nutse, sa'an nan ya hau bango daga ƙarƙashi a ɓoye, har sai ranar da aka ga danshi ya yi zobe a jikin ɗaki kamu guda daga daɓe, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa.

Magabatanmu sun san wannan sarai, kuma ilmin da suka tara a kansa ya cancanci a kira shi ilmi ba tare da wata kunya ba. Magini na da ba ya ɗibar kowace ƙasa ya yi gini da ita. Zai nemi jar ƙasa mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, wadda laka ba ta yi mata yawa ba balle ta tsattsage in ta bushe, yashi kuma bai rinjaye ta ba balle ta marmashe. A jiƙa ta, a zuba ramno, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsima, a sake jiƙawa a sake tattakewa, kana a mulmula tubali a shanya shi har ya bushe ƙamas. In an zo ɗora shi, gindin katanga ne ake yi wa kauri sosai, tana hawa tana sirancewa, don nauyin ya zauna a ƙasa. Rufi kuwa azara ce, wadda ake faskarawa daga giginya, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Da yake kuma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce wajen mita 2, sai magina suka ƙago dabarun tauyi da bakan gizo da ɗaurin guga, har suka iya rufe manyan soraye babu ginshiƙi a tsakiya. Daga nan sai maganin ruwa: makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a yi yaɓe da ita, da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi da gashin jima daga majema da ruwan dafara, a shafe rufi da kan katanga, da dogon indararo wanda zai wurga ruwa nesa da gindin bango. Dubi yadda sana'o'i uku, rini da jima da gini, suke ciyar da juna, abin da wannan ya zubar shi ne abin da wancan yake nema.

Shaidar ingancin wannan ilmi tana nan tsaye. Hasumiyar Gobarau a birnin Katsina ta ga ɗaruruwan damuna. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, bakan gizonsa ya daɗe yana tsaye, har aka lulluɓe shi da ginin zamani daga waje. Ruwaya kuma ta nuna cewa wannan gwani ya yi aiki a Birnin Gwari, maƙwabciyar Sabuwa. A ƙasar Nijar, masallacin garin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa da itace, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

To, in haka ne, me ya sa kowace damina sai mun ji ɗakin ƙasa ya faɗa wa mutane cikin dare? Amsar mai ɗaci ce, amma wajibi ne a faɗe ta. Abin da yawancinmu muke kira ginin ƙasa a yau ba shi ne na magabata ba. An bar tubali an koma bulon ƙasa da ake bugawa a akwatin katako, wanda ba shi da aibi a kan kansa, sai dai ana jera shi layi ɗaya siriri, a kan tsurar ƙasa ba harsashi, da ƙasar da aka haƙa da safe aka kwaɓa da hantsi. Karofi sun mutu a garuruwa da yawa, saboda haka katsi ya yi wuya. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Shiga daji neman itace kuwa, a halin rashin tsaron da yankin nan ya sami kansa, ya zama sayar da rai. Mafi muni kuma, an bar yaɓen shekara-shekara. Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda wanda ba ya yafewa, shi ne kafin kowace damina a hau a duba, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe, a gyara indararo. Da can gayya take ɗauke wannan nauyi, yau kuwa samari sun watsu neman kuɗi, tsoho shi kaɗai ba ya iya hawa soro. Wanda ya karɓi ginin ƙasa ya ƙi sharaɗinsa, bai kamata ya ɗora wa ƙasa laifi ba.

Sai mu juya ga siminti, wanda mutane suka ɗauka shi ne ƙarshen magana. Ba na musun fa'idarsa, domin babu abin da ya kai shi tsayawa gaban ruwa in an ba shi haƙƙinsa. Amma a tuna daga inda yake zuwa: ko Kalambaina ta Sakkwato, inda aka kafa masana'anta tun shekarun 1960, wadda yanzu take hannun kamfanin BUA, ko Obajana ta jihar Kogi inda Dangote yake, ko Ashaka ta jihar Gombe. Kowanne cikinsu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce a bayan tirela, saboda haka kuɗin buhu mai kilo 50 yana bin kuɗin man dizal da darajar naira, abubuwan da manomin Faskari ba shi da iko a kansu. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, ya ninka abin da aka sani shekara guda kafin nan. Da tsada ta zo, sai algus ya biyo bayanta. Buhu ɗaya, in ana son bulo inci tara na kirki, bai kamata ya fitar da abin da ya wuce 30 ba. Amma akwai masu buga bulon sayarwa da suke matsa shi ya ba da 45 ko 50, su shanya a rana ba ban ruwa, su loda wa mai saye bayan kwana biyu. Irin wannan bulo sunansa kawai bulo, yashi ne da aka nuna wa siminti daga nesa, kuma tubalin da aka tsima da kyau ya fi shi amana nesa ba kusa ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da mizanin ƙarfin da bulo ya wajaba ya kai, sai dai mizanin da ba a zuwa a auna da shi ba ya hana kowa ha'inci.

Saboda haka mai saye shi ne alƙalin kansa. Ya je wurin masu bulo da ƙafarsa, kada ya yi aike. Ya ɗauki guda ya ɗaga shi daidai ƙirji ya sake shi a kan ƙasa mai tauri: na kirki zai tsaya, ko ya ɗan ɓantare a kusurwa, na algus kuwa zai tarwatse. Ya goga babban yatsa a gefensa, in yashi ya biyo hannu, to ya yi gaba. Mafi alheri ma ya sayi simintinsa da yashinsa, ya kira mai bugawa gida, ya zauna yana ƙirga kwanon sarki da idonsa. Yashin kuma ya zama mai kaifi, na rafi, wanda in an damƙa an saki ba ya barin tabon laka a tafin hannu. Sa'an nan ga wani abu da jahilcinsa ya yi mana ɓarna mai yawa: mutane suna zaton siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali kuwa da ruwa yake ƙulluwa, in ruwan ya ƙafe da wuri ƙarfin ba zai kai inda ya kamata ba. Da yake lokacin gininmu rani ne, ga iskar hunturu mai tsotse danshi, wajibi ne a yi ta ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe da buhuna ko ciyawa, kuma a sani kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28. Wanda ya cire katakon linta bayan kwana uku don kafinta yana sauri, ya sayi tsaga da kuɗinsa.

Ra'ayina a wannan mas'ala, wanda nake ganin shi ne maslaha ga mai ƙaramin ƙarfi da ma mai matsakaici, shi ne a raba aiki tsakanin kayan biyu, kowanne a sa shi inda ya fi amfani. Ɗan simintin da aka iya saye, a fara kai shi harsashi. A haƙa har a wuce baƙar ƙasa ta sama a taras da mai tauri, kada ya gaza ƙafa biyu, in wurin laka ne ma a ƙara. A zuba kankare na kwano ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa, ko kuwa a jera dutse da kwaɓin siminti, tun da Allah Ya wadata ƙasar Ƙanƙara da Faskari da duwatsu. A ɗaga wannan harsashi ya haura doron ƙasa da kamar ƙafa ɗaya da rabi, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa don ta yanke wa danshi hanyar hawa, kana a ɗora bango. Wannan leda, wadda kuɗinta bai kai na buhun siminti biyu ba a ƙaramin gida, ita ce abin da aka fi mantawa da shi, ita ce kuma ba a iya sakawa bayan an gama.

Daga nan zuwa sama, ƙasa ta isa, in an yi mata kauri. Tana da wata falala da bulo ba shi da ita, wadda duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu ya san ta: bango mai kauri yana riƙe zafin rana bai bari ya shigo ba sai dare ya yi, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Wanda yake son abin da ya fi tubali kyan gani da ƙarfi, akwai bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji, a zuba masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera injinan wannan aiki. Da irin wannan bulo aka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar, garin Hausawa 'yan'uwanmu, wanda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka tsara aka gama a 2018, aka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Da shi kuma Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu, Gando, a Burkina Faso, mutumin da ya karɓi lambar Pritzker a 2022, wadda babu ta sama da ita a fannin zanen gini. Gane ƙasar da ta dace ba shi da wuya: a cika kwalba zuwa rabi da ita, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana, yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama, in yashi da tsakuwa sun fi rabi, lakar kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, an dace.

Masu gyaran tsohon gida su yi hattara da abu guda, domin nan ne na fi ganin kuɗi suna salwanta. Mutum zai sami ɗan hali, sai ya sa a lulluɓe katangar ƙasa da filastar siminti, gida ya yi kyau shekara ɗaya ko biyu. Amma siminti da ƙasa ba su kama juna. Zafi da sanyi za su raba su, siririyar tsaga ta buɗe a sama, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ƙasa ta yi ta narkewa a ciki alhali waje yana sumul. Ka je ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da bayan yatsa, za ka ji yana amsawa kamar ganga, in ka ɓalle ɓangare guda kuwa sai ka ga jiƙaƙƙiyar ƙasa tana zubowa, ga hanyoyin gara sun yi rassa a bayanta. In lalle sai an yi filastar, to a kankare tsohon yaɓe, a kafa ƙusoshi a ɗaura ragar waya, a yi kwaɓin da sauƙin siminti, a kuma tabbata an rufe kan katangar yadda ruwa ba zai sami ƙofa ba. In ba za a iya wannan ba, makuba ta fi. Wanda kuma ya taras da tsohon silin asbesto, kada ya fasa shi ko ya yanka shi a bushe, ƙurarsa tana da mugunyar illa ga huhu. A jiƙa shi a sauke shi ɗungurungum.

Rufin kwano yana da maƙiya biyu, iskar farkon damina da gara. Don tsoron iska ne mutanenmu suke ɓoye kwano a bayan katanga, dabara ce kuwa mai hujja, sai dai a ƙasa mai ruwa irin tamu tana mai da ruwan rufi duka cikin kwata guda a jikin bango, ranar da ta toshe da ganye ko ta tsage, ɗaki ya sha. Na fi son a bar kwano ya zarce bango da ƙafa biyu, ya zama inuwa ga katanga, amma da sharaɗin a zagaye ginin duka da linta mai rodi huɗu, a binne waya ko siririn rodi a cikinta, a ɗaure katakon rufi da shi tamau, domin iska ba ta yaye kwano sai ta sami katakon da aka aza kawai ba a ɗaure ba. A shafe katako da maganin gara, ko baƙin mai in shi aka samu, kafin a hau da shi. A sa silin, a bar kafar iska tsakaninsa da kwano, a yi tagogi masu fuskantar juna; tsoron ɓarayi ya sa muna gina ɗakuna kamar rumbu, alhali ƙarfen taga ya wadatar, cunkoso a ɗaki marar iska kuwa abokin sanƙarau ne da tari.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda malaman Malikiyya ba su ɗauke shi ƙaramin abu ba. Ibnu Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai suke nema in rigimar gini ta zo gabansu, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, tushensa kuwa ƙa'idar shari'a ta hana cutarwa: ba a sakin indararo a kan katangar wani, ba a buɗe taga mai leƙa tsakar gidansa, ba a cin hanya, ba a haƙa masai a jikin bangonsa. A yau likitoci sun ƙara mana cewa a nisanta masai da rijiya da kamar mita 30, rijiyarka ce ko ta maƙwabci. Wannan babi ya ƙara nauyi yanzu da tashin hankali ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa, filaye suka yi tsada, bayin Allah suna sayen duk inda suka samu, har fadama da bakin kududdufi da tsohuwar hanyar ruwa. Ba na zargin wanda larura ta kora, amma ina zargin wanda ya yanka masa filin yana sane. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40 ta rushe ɗaruruwan gidaje a dare ɗaya, ta isa wa'azi. Kafin ka biya kuɗin fili, ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake bi a watan Agusta, in da hali ma ka je ka gani da idonka ana tsakiyar damina.

Tsakaninka da birkila kuwa, ijara ce, ijara kuma ba ta inganta sai an san aiki an san lada. A rubuta, a sa shaidu, a biya daki-daki: harsashi, linta, rufi. Kada ka matse shi a lada har ya rama a kwaɓi.

Abin da ya fi ci mini rai na bar shi ƙarshe. Ƙasar Ƙanƙara tana kwance a kan farar ƙasa, wadda iyayenmu mata suke shafe ɗaki da ita tun fil azal, wadda kuma ake lodawa a manyan motoci a kai masana'antu, ta dawo mana a bokitin fenti da kwalin tayil da tsada. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna gwaji a kanta, kuma sananne ne a ilmin gini cewa irin wannan ƙasa, in an gasa ta da zafin da ya kai wajen digiri 700 zuwa 800, tana iya maye gurbin wani kaso na siminti a kankare. Ga jar ƙasa, ga dutse, ga yashi, ga samari marasa aikin yi. Ƙananan hukumomin nan uku, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ɗan majalisar wakilai ɗaya yake wakilta a Abuja, ina roƙon shugabanninsu da hakimanmu da su haɗa kai su sayi injinan matsa bulon ƙasa, su tara sauran tsofaffin magina da suka san laso da ɗaurin guga su koya wa matasa tun suna raye, su sa a riƙa zagayawa wurin masu buga bulo ana gwadawa, su kuma fara gina aji ɗaya na makaranta ko ɗakin shan magani da wannan bulo a kowace gunduma, domin talaka ba zai yarda da ƙasa ba sai ya ga hukuma ta yi gini da ita.